Teburin da Aka Yi wa Harshe

A ofishin wata mishan da ke ƙasar Gobir, ba nisa da Maraɗi, akwai wani tebur wanda ya girmi yawancin mutanen da suke zuwa sujada a wurin. Da katakon maɗaci aka yi shi, tun kafin Nijar ta sami mulkin kanta a 1960. Yana da nauyi ƙwarai, sai maza biyu ƙarfafa suke iya ɗaga shi. Gara ta cinye ƙofofi biyu da kabad guda a ɗakin nan, amma ba ta yi masa kome ba. Yana da aljihu ɗaya a tsakiya, mai ɗan zoben tagulla na ja. A bisa wannan tebur ne aka rubuta sunayen mutanen da suka fara karɓar baftisma a yankin, a bisansa kuma aka sa hannu a takardun aure na iyaye da na ƴaƴansu. Saboda haka tsofaffi ba su ɗauke shi kamar sauran kayan ofis ba. Idan yaro ya hau kansa ya zauna, tsawa yake sha.

Wadda take aiki a ofishin wata gwauruwa ce mai ƴaƴa huɗu, kowa yana ce mata Malama. Ita take buga karatun Lahadi, da darussan masu neman baftisma, da wasiƙun Fada, da lissafin baiko. Da keken rubutu ta koyi aikin tun tana budurwa. A zamanin nan takan buga darasi a kan takardar sitansil, sa'an nan a juya na'urar Gestetner da hannu har a sami kwafi ɗari. Keken ba shi da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, don haka in ta gama sai ta bi layi layi tana ƙara musu ƙugiya da hannu. Keken yana da nasa ɗan tebur, gajere, a gefen taga. Shekara da shekaru tana zama a wurin, ba ta taɓa kukan hannu ba.

Bayan da aka kafa dayosis na Maraɗi a 2001, sai aka fara raba wa ofisoshi kwamfuta, wannan mishan kuwa ta sami tata. Malama ta yi murna, gama yanzu haruffa masu ƙugiya suna fitowa da kansu, in an yi kuskure kuma ana gyarawa ba tare da ɓata takarda ba. Ta sha wuya kaɗan da farko, domin keken rubutunta irin na Ingilishi ne da aka sayo a Kano, wanda layinsa na sama yake farawa da Q da W, allon maɓallan kwamfutar kuwa irin na Faransa ne, mai farawa da A da Z. Cikin wata biyu yatsunta suka saba. Amma kwamfutar ba ta shiga ɗan teburin keken rubutu ba. Sai aka ɗora ta, da allon kallonta, da allon maɓallai, da ɗan abin nan da ake kira kusu, duka a bisa babban teburin maɗaci. Kowa ya ce ai wurin ya dace, sabon abu mai daraja a bisa tsohon abu mai daraja. Ba wanda ya tuna cewa an yi teburin domin mai rubutu da alƙalami ne.

Ciwon ya zo a hankali. Da fari kafaɗunta ne suke nauyi da yamma. Daga baya wuyanta ya riƙa ƙagewa. Sa'an nan babban yatsanta na dama, da manuni, da na tsakiya suka fara mutuwa, wani lokaci kamar ana tsira mata allura. Da dare yakan tashe ta daga barci, sai ta zauna tana yarfa hannu har ya saki. Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta san akwai samari biyu a ikkilisiya da suka gama makaranta, sun iya kwamfuta, ba su da aiki. Ta san kuma albashin nan, ko da yake kaɗan ne, da shi take sayen hatsi, da shi take biyan kuɗin makarantar autanta. Tana tsoron kada a ce hannun Malama ya gaji, a gode mata, a sallame ta. Sai ta riƙa shafa man zafi a ɓoye, tana zuwa aiki da sassafe domin ta rama jinkirin da take yi.

Asiri ya tonu a mako mai tsarki, sa'ad da aiki ya fi yawa. Tana miƙa wa Sista mai kula da ɗakin magani kofin ruwa, sai kofin ya suɓuce daga hannunta ya faɗi. Sista ta kama hannun, ta danna tsakiyar wuyansa, ta lanƙwasa shi na ɗan lokaci, ta tambaye ta waɗanne yatsu ne suke mutuwa. Da ta ji amsa sai ta bayyana mata cewa a wuyan hannu akwai wani ƙunƙuntaccen mashigi tsakanin ƙasusuwa, inda igiyoyi tara masu motsa yatsu suke wucewa tare da wata jijiya guda. Jijiyar nan ita take kai ji ga babban yatsa, da manuni, da na tsakiya, da rabin na huɗu. Idan mutum ya daɗe da wuyan hannu a lanƙwashe, matsi yakan ƙaru a mashigin, jijiyar ta shaƙe. Ta ce akwai dalilai da yawa da suke kawo wannan, kamar ciwon sukari, da juna biyu, da shekaru, amma tana so ta ga yadda Malama take zama a wurin aiki.

Da ta je ofishin ta tsaya a ƙofa tana kallo. Malama gajeruwa ce. Domin ta kai ga maɓallan, sai ta ɗaga kafaɗu har kusa da kunne, gwiwoyin hannunta suna buɗe kamar kaza za ta tashi, wuyan hannunta kuma yana kwance a kan kaifin bakin tebur. Sista ta ce, “Malama, sa'a nawa kike zama haka a yini?” Ta ce, “Shida, wani lokaci bakwai.” Sista ta ba ta wani ɗan abin ɗaure wuyan hannu da za ta riƙa sawa da dare, ta ce ta riƙa tashi tana miƙe jiki kowane rabin sa'a. Sa'an nan ta tafi wurin Fada ta ce masa magani shi kaɗai ba zai isa ba, sai an sauko da maɓallan nan daidai da gwiwar hannun mai bugawa.

Ran Lahadi bayan sujada kwamitin ikkilisiya ya zauna a kan maganar. Wani ya ce a ƙara wa kujera tsawo. Aka kawo matashi biyu aka gwada nan take, sai ƙafafun Malama suka rabu da ƙasa suna lilo, cinyarta kuma ta tokare da gindin aljihun tebur. Wani ya ce a rage ƙafafun teburin da zarto. Aka duba, aka ga in an rage su yadda ake bukata, ko gwiwa ba za ta shiga ƙarƙashi ba. Ma'aji, wanda saurayi ne mai son ci gaba, ya ce ya ga teburin kwamfuta na musamman a kasuwar Maraɗi, mai sheƙi, da wurin ajiye kome da kome, a saya kawai a kai tsohon ɗakin ajiya. Amma kuɗin da ke hannu an tara su ne domin gyaran rufin majami'a kafin damina. Ban da haka, wani dattijo ya ce ya san irin teburin nan, da garin katako da gam ake matsa shi, in ruwa ya taɓa shi sau ɗaya sai ya kumbura kamar burodi, ƙusa kuma ba ta sake kama shi. Aka yi ta magana har rana ta take. A ƙarshe Fada ya ce a kira Baba Kafinta.

Baba Kafinta ya haura shekara saba'in. A shagon mishan ya koyi sana'a tun yana yaro, a hannun maigidan da ya yi wannan tebur. Idonsa ya rage, amma hannunsa bai manta ba. Ya zo ran Litinin da jikansa yana riƙe masa jakar kayan aiki. Kowa ya zaci teburin zai fara aunawa. Sai ya ce wa Malama, “Ɗiyata, zauna a kujerarki yadda kike zama in kina shan fura a gida. Saki kafaɗa. Sa tafin ƙafa a ƙasa. Yanzu miƙo hannu gaba kamar za ki karɓi tire.” Ta yi. Ya auna daga ƙasa zuwa saman kujera, santimita 44. Daga ƙasa zuwa saman cinyarta, 58. Daga ƙasa zuwa gwiwar hannunta, 67. Jikan yana rubutawa a bayan wata tsohuwar ambulan. Sai bayan haka ya juya ga teburin. Tsawonsa daga ƙasa 78 ne, kaurin fuskarsa 3, gindin aljihunsa kuwa yana kan 64. Allon maɓallai yana da kauri wajen 3. Ya ce wa jikan ya haɗa. Yaron ya ce maɓallan suna kan 81, gwiwar hannun Malama tana kan 67, bambanci 14. Baba ya girgiza kai ya ce, “Ɗiyata, shekara nawa kina hawan wannan dutse ba ki ce kome ba?” Ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, na ji tsoro ne.” Ya ce, “Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in bai faɗa ba, wa zai hau rufi?”

Shawarar da ya kawo ita ce a cire aljihun, a sa wani allo mai zamewa a wurinsa, wanda za a jawo waje in za a yi aiki, a tura ciki in an gama. Ya ce saman allon ya zauna a kan 64, domin in an ɗora maɓallai su kai 67, daidai da gwiwar hannu. Kaurin allon 2, wato gindinsa yana kan 62, saura santimita 4 tsakaninsa da cinya. Faɗin ramin aljihun 66 ne, allon maɓallai kuwa 45, saboda haka kusu zai sami wurin kai da kawowa a gefe, ba sai an miƙa hannu sama a neme shi ba. Amma akwai wani abu guda. A ƙarƙashin bakin aljihun akwai wata sanda mai kaurin santimita 2, wadda ta haɗa gaban teburin hagu da dama. In an bar ta, allon zai hau bisanta, maɓallan su yi sama da santimita 4. Dole a yanke ta.

A nan ne magana ta tsaya. Shugaban kwamiti tsohon malamin makaranta ne, sunan mahaifinsa yana cikin shafi na fari na littafin baftisma. Da ya ji za a sa zarto a jikin teburin sai ya zo ofishin da kansa, da sandarsa. Ya ce, “Kafinta, kai da kanka? Aikin maigidanka za ka yanka? Wannan tebur shi kaɗai ya rage mana daga mutanen farko. Yau a yanke sanda, gobe a cire ƙafa, jibi a hura wuta da shi. Kwamfuta ta zo jiya, gobe za a kawo wata iri dabam. Don abin da ba ya daɗewa za a ɓata abin da ya daɗe?” Maganarsa tana da nauyi, gama ba don mugunta ya faɗa ba. Ya ga abubuwa da yawa na ikkilisiya sun salwanta da sunan gyara. Malama tana tsaye a gefe, ta ce, “Baba, a bar shi kawai, zan iya jurewa.” Ba wanda ya amsa mata.

Baba Kafinta bai yi gardama ba. Ya ce wa jikansa da ma'aji su kwantar da teburin a gefensa. Sa'an nan ya ɗauki tsumma da ɗan ruwa ya goge gindin ƙafa ɗaya, ya ce, “Malam, sa tabaranka ka duba nan.” Shugaban ya sunkuya. Wajen yatsa biyu daga ƙasa akwai wani siririn layi da ya kewaye ƙafar, launin katakon da ke ƙasa da layin kuma ya ɗan bambanta da na sama. Haka yake a ƙafafu huɗu duka. Baba ya ce, “Da maigidana ya yi teburin nan, 74 ne tsawonsa, gama Fadan da aka yi wa shi ba dogo ba ne. Bayan ƴan shekaru aka kawo wani Fada dogo, gwiwarsa ba ta shiga. Maigidana ya huda ƙafafun, ya dasa musu ƙari na santimita 4. Ni na riƙe masa su yana bugawa, har ya buge mini yatsa, ga tabon. Ban ji ya ce teburin ya fi ƙarfin a taɓa shi ba. Abin da ya ce shi ne, a auna mutum tukuna.” Shugaban ya daɗe yana shafa layin da yatsa. Ya tambaya ko cire ƙarin nan ba zai wadatar ba. Baba ya ce ya riga ya lissafa, ko an cire, maɓallan za su fi gwiwar hannunta da santimita 10. Shugaban ya miƙe, ya dubi Malama, ya dubi hannunta da ke ɗaure. Ya ce, “To, yanka. Amma kada ka zubar da ko guntu.” Baba ya ce, “Na ji, Malam.”

Aikin ya ɗauki kwana uku. Jikan ya so a sayo ƙarafan zamiya irin na kanti, masu ƙananan ƙwallaye a ciki. Ya san ana samunsu tsawo iri iri, 30, 35, 40, 45, kuma kowane gefe yana cin wajen milimita 13. Baba ya ce ƙarafan nan suna da kyau a ɗakin da ƙura ba ta shiga, amma maiƙon da ke cikinsu yana kama ƙura, hunturu biyu sai su fara ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, in sun lalace kuma sai an koma kasuwa. Ya ce zai yi hanyar da katako, wadda kowane kafinta na ƙauye zai iya gyarawa.

Ya fara da cire aljihun. Sa'an nan, kafin ya yanke sandar, ya ƙarfafa teburin, domin kada ya saki. Ya sa maƙeri ya yi masa wani shafaffen ƙarfe mai huji shida, ya ɗaura shi a ƙarƙashin fuskar teburin daga hagu zuwa dama. Ya yanka katako biyu, ya tsayar da su a gefen ramin aljihun, ɗaya hagu ɗaya dama, daga gaba har baya, ya kama su da ƙarafan kusurwa. Ya ce wa jikan ya lura da abu biyu. Na fari, tsohon maɗaci yana da tauri, in an murɗa sukuru ba a fara huda masa hanya ba, ko sukurun ya karye ko katakon ya tsage. Saboda haka kowane wuri sai ya fara hudawa da siririn ƙarfe, ya kuma goga wa sukurun sabulu. Na biyu, kaurin fuskar teburin 3 ne, don haka kada sukuru ya shiga fiye da 2, in ba haka ba bakinsa zai ɓullo a sama inda ake rubutu. Ya ɗaura ɗan zare a jikin abin hudawa domin ya san inda zai tsaya. Bayan wannan duka ne ya ɗauki ƙaramin zarto. Ya yi shiru kaɗan, ya yi alamar gicciye, ya yanke sandar a wuri biyu. Teburin bai motsa ba.

A jikin kowane katako na gefe ya kafa sirarun sanduna biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, domin allon ya riƙa gudu a tsakaninsu. Ta ƙasa tana ɗauke da nauyi, ta sama kuwa tana hana allon kifewa in an jawo shi waje aka ɗora hannu. Ya auna hagu da dama sau uku daga ƙasa, gama in gefe ɗaya ya fi ɗaya ko da kaɗan, allon zai riƙa cijewa. Allon kansa daga wani tsohon bencin makarantar mishan ya fito, katako busasshe wanda ya gama duk motsin da zai yi. Zurfinsa 35. Ya bar ɗan sarari a hanyar, kamar kaurin ƙarfen dala ashirin. Jikan ya ce ai ya yi sako-sako. Baba ya ce, “Yanzu rani ne, katako ya tsuke. Bari watan Agusta ya zo ya sha iska mai laima, za ka ga ya cika wurin. Wanda ya yi aljihu daidai wa daida da rani, da damina sai ya buɗe shi da ƙafa.” Ya goge hanyar da samfefa, ya shafa mata kakin zuma. Ya kafa ɗan guntun katako a ƙarƙashin allon ta baya domin ya tsaya in ya kai iyaka, kada ya faɗo a cinyar mutum. Ya sa wata ƴar sanda a bakin baya domin kada allon maɓallai ya zame ciki, ya kuma fafe ɗan wuri inda wayoyi za su bi, ya bar musu tsawo yadda ba za su ja ba.

Saura alkawarin da ya yi wa shugaba. Ya ɓalle fuskar tsohon aljihun, mai zoben tagulla, ya manna mata guntun sandar da ya yanke a gindinta da gam. Sa'an nan ya haɗa ta da bakin sabon allon da hinji biyu. In an jawo allon, fuskar takan kwanta gaba ta zama wurin hutar da tafin hannu. In an tura shi ciki aka tashe ta, sai teburin ya koma kamar yadda yake tun da, sai mai lura ƙwarai zai ga layi biyu na zarto. Sauran katakon aljihun kuwa ya mai da shi ɗan akwati, aka zuba tsofaffin alƙaluma da hatimi da suke ciki, aka ajiye a kabad.

Ran Alhamis Malama ta zauna. Baba ya ce ta kwantar da ƴan ƙafafun nan biyu da ke bayan allon maɓallai, gama in an tashe su wuyan hannu yakan lanƙwashe sama. Ya matsar da allon kallo har ya yi nisan hannu guda daga fuskarta, samansa daidai da idonta. Ta jawo allon da yatsa ɗaya, ya fito ba ƙara. Ta ɗora hannu ta fara buga karatun Lahadi. Bayan layi uku ta tsaya, ta ce, “Baba, kafaɗuna sun sauka.” Yaran makaranta da suke leƙe ta taga suka ga abin yana fitowa yana komawa, ɗaya ya ce teburin Fada ya yi harshe. Sunan ya bi shi har yau. Da ma'aji ya tambayi kuɗin aiki, Baba ya ce a biya maƙeri, a biya kuɗin hinji da sukuru, a ba jikansa na goro. Nasa kuwa, ya ce, maigidansa ya riga ya biya shi tun da daɗewa.

Kada mai karatu ya zaci hannun Malama ya warke a rana ɗaya. Ciwon kafaɗa da na wuya sun tafi cikin mako biyu. Mutuwar yatsu ta daɗe, ta riƙa raguwa a hankali, tare da abin ɗaurewa na dare da hutun da Sista ta umarta. Har yanzu in aiki ya yi yawa takan ji alamarta. Amma ba ta bar aikinta ba, autanta kuma ya gama makaranta. Ɗaya daga cikin samarin nan biyu da take tsoro, ita ce ta roƙi Fada ya bar shi ya riƙa taimakonta a lokacin Kirsimati da Ista. Shi dogo ne. Da ya fara zama, sai ta ɗauko tef ta auna gwiwar hannunsa, ta aika a kira jikan Baba ya duba kujerar.

Akwai abin koyi a nan domin kowace ikkilisiya, gama kowace tana da irin wannan tebur. Wani wuri tsarin sujada ne, wani wuri lokacin taro ne, wani wuri yadda ake koyar da masu neman baftisma. Kullum akan sami masu cewa a jefar a sayo sabo, akan kuma sami masu cewa kada a taɓa. Dukansu biyu abin suke kallo. Wanda yake zaune a gabansa yana shan wuya kuwa sau da yawa ba ya magana, domin yana tsoron kada a ce shi ne matsalar. Waɗanda suka kafa abubuwan nan tun farko, domin mutanen da ke gabansu suka kafa su, sun kuma gyara su da hannunsu sa'ad da bukata ta sake. Wanda ya goge ƙurar ƙafar tebur zai ga layin. Ubangiji Yesu ya girma a gidan kafinta, ya san katako, ya kuma san gajiyar hannu. A cikin Bishara, sa'ad da aka sa ka'ida a gefe ɗaya, mai ciwo a gefe ɗaya, an san wanda ya fara dubawa.

Baba Kafinta ya rasu damina biyu bayan wannan aiki. A bisa teburin aka buga takardar jana'izarsa, Malama ce ta buga. Shugaban kwamiti kuwa, duk baƙon da ya zo mishan, yakan kai shi ofis ya nuna masa littafin baftisma na fari, sa'an nan ya ja zoben tagullan, harshen ya fito, ya ce wannan aikin mutum biyu ne, maigida da yaronsa. Kowace shekara in hunturu ya wuce, jikan yakan zo da ɗan kakin zuma ya shafa wa hanyar. Allah ya ba ikkilisiyarsa idon ganin masu shan wuya a ɓoye, da hannun da zai taimake su. Amin.